Girman baƙi a allon kwamfuta: ɗigo ba ma'auni ba ne

Duk wanda ya taɓa sauya wa kwamfutarsa allo ya san wannan abin takaici: an kashe kuɗi an sayo sabo mai kyan hoto, sai ga rubutun wata tsohuwar manhaja ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa. Allon bai yi laifi ba. Laifin yana wuyan wanda ya tsara manhajar, domin da ɗigo ya auna baƙaƙensa.

Hoton da ke bisa allo tarin ɗigo ne, wanda masana ke kira fiksel, kuma ɗigon nan ba shi da tsayayyen girma. Macintosh na 1984 ya jera 72 a cikin inci guda, Windows ya ɗauki 96 a matsayin ƙa'ida, wayar iPhone 4 ta 2010 kuwa ta cusa 326. Ke nan baƙin da aka yanka wa ɗigo 16 yana kai milimita 4 da ƴar ɗoriya inda ɗigo 96 ke cika inci, amma a allo mai 326 milimita ɗaya da kwata ne kacal. Saurayi ma sai ya ƙanƙance ido, balle dattijo.

Maganin tsoho ne, daga maɗaba'a aka gado shi: ma'aunin da Faransawa ke kira fwan, wanda a kwamfuta yake daidai da kashi ɗaya cikin 72 na inci. Manhaja ta fara tambayar na'ura ɗigo nawa ke cikin inci, ta ninka da fwan ɗin da ake so, sannan ta raba da 72. Fwan 12 ya ba da ɗigo 16 a allo mai 96, ya ba da 32 a mai 192. Android ya ƙara gaba da ma'aunin sp, mai bin har girman da mai wayar ya zaɓa wa idonsa.

Sai dai akwai tarko. Da yawa sukan girmama baƙi su manta da akwatin da yake ciki, sai rabin kalma ya yanke, ko maɓallin amincewa ya ɓace a ƙasan taga. Wannan ganganci ne. Faɗin akwati daga tsawon rubutu ya kamata a lissafa shi. Tun Windows 8.1 na 2013 ma ana iya sake lissafin idan an ja taga daga wani allo zuwa wani.

Ga mai karatun Hausa abin ya wuce gajiyar ido. Lanƙwasar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ɗigo biyu ko uku ce a ƙaramin rubutu, ita ce kuma ke fara dushewa. Daga nan baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, saƙon da ya ce an ɓata takarda a karanta shi an ba ta takarda.