Tsohon ɗalibi ba saniyar tatsa ba ne

Maganar da ta taso a zaurenmu ta neman "babban mai ƙaddamarwa" domin littafin haɗaka ita ta sa muka ɗauko alƙalami daga nan Madachi. Ba mu yarda da shawarar ba, kuma hujjarmu daga jami'a za mu ɗauko ta, don su ma ciwon da ke damunmu shi ke damunsu.

Ku dubi Kongo a Zariya. A 1947 aka buɗe ta don horar da akawunan En'e, ta zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da wuya ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a Arewa, ko Rano ce ko Kibiya, ka rasa wanda ya bi ta can ko wanda ɗan Kongo ya horar. To a ce yau an ba mutum aikin nemo wa irin wannan makaranta kuɗi da riƙe zumuncin tsofaffin ɗalibanta. Me muke zaton zai fara yi? A al'adarmu zai buga kati, ya kama zaure, ya gayyato gwamna da attajiri, mai gabatarwa ya yi ta kirari. A sanar da alƙawuran miliyoyi a lasifika, a tafa, a ci shinkafa, a watse. Bayan wata shida kowa ya ji kunyar tambayar nawa ne suka shigo asusu.

Kada a ce muna raina kyautar manya. Aliko Dangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci ta naira biliyan 1.2, aka buɗe a 2018. Gidauniyar ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu ta ba Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan 1 a 2021. Allah Ya saka musu da alheri. Amma gini ba ya sayen man janareta, ba ya biyan kuɗin motar ɗalibin da zai zo ƙauye binciken yadda takin gwamnati ke ɓacewa kafin ya kai hannun manomi. Waɗannan kuɗin kullum ne, kuma attajiri ba kullum yake zuwa ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Makarantar da ke nazarin manufofin gwamnati, aikinta ta ce wa mai mulki "nan ka yi kuskure". Bakin da ya ci kuwa shi ke jin kunya. Ko a Ingila abin bai ƙyale su ba: a 2010 Leonard Blavatnik ya ba Jami'ar Oxford fam miliyan 75 aka kafa makarantar koyon mulki da sunansa, a 2017 Farfesa Bo Rothstein ya ajiye aiki a can saboda mai sunan ya ba da gudummawa ga bikin rantsar da Donald Trump. In Oxford mai ɗaruruwan shekaru ta ji zafin wannan, ina ga makarantar da babban baƙonta shi ne gwamnan da ya kamata ta binciki kasafinsa?

Shi ya sa muke cewa aikin mai wannan kujera na farko rajista ce, ba kati ba. Su waye suka gama, a wace shekara, ina suke, me suke yi? Ya kira su ranar da ba ya neman komai. Ya haɗa sabon ɗalibi da tsohon da zai nuna masa hanya. Mu kanmu, makarantar da muka yi difloma ba ta taɓa tambayar ko muna raye ba, sai ranar da aka jefa mu a wani zauren WhatsApp aka turo lambar asusu. Ba mu tura ba, kuma har yau ba mu ji nauyin hakan ba.

Sai kuma lissafi. A masallacin ƙauye, in aka yi karo-karon sayen tabarma, ma'aji kan miƙe bayan salla ya faɗi abin da aka samu da abin da aka kashe, shi ya sa gobe ma ake bayarwa. Makarantar da ke koyar da yadda ake duba asusun gwamnati ba ta da uzurin kasa yin abin da ma'ajin masallaci ke yi ba tare da digiri ba. Mutum dubu masu ba da kaɗan-kaɗan duk wata, ba wanda zai iya kiran shugaban makaranta ya ce a janye wani bincike.

Mu dawo gida. Wanda ya biya kuɗin bugun littafinmu shi kaɗai, ba zai ce kada mu rubuta labarin rijiyar burtsatse da aka ƙaddamar ba ruwa ba. Mu da kanmu za mu cire labarin tun kafin ya gani, mu ce wai bai dace da jigo ba. Don haka a zama mai zuwa za mu kawo ƙudiri: a rubuta sunan duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiya har da waɗanda suka daina zuwa, a kira su a gaisa tukuna, sannan a sa naira 500 a wata, ma'aji ya riƙa liƙa lissafi a nan zauren ranar ɗaya ga kowane wata. Mai ganin ba za ta kai kuɗin ɗab'i ba, ya kawo nasa lissafin a ƙasa mu gwada.