Kafin Mu Ƙara Wa Rumbun Kwamfuta Girma, Mu Duba Gindinsa

Duk wanda ya daɗe yana shiga gidajen 'yan kasuwarmu a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala ya ga sauyin da aka samu. A da, littafin bashi yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, makulli kuwa yana aljihun maigida. Yanzu a wasu gidajen akwai wani ɗan akwati a kusa da talabijin, 'yan fitilunsa na ƙyaftawa dare da rana, an haɗa shi da na'urar intanet ta gida. Masu gyara suna ce masa NAS. Mu dai rumbu za mu kira shi, domin aikinsa ke nan. A cikinsa ake zuba hotunan rasit, da takardun kwastan, da lissafin bashin abokan hulɗa na Kusiri da Garwa-Bulai da Banki da Mubi, har da saƙon murya na WhatsApp inda wani ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kaya, zai biya bayan Sallah.

To, kowane rumbu yana da ranar cikarsa. Sai yaron da ke kula da kwamfuta ya zo ya ce, "Alhaji, wuri ya ƙare, sai mu sayo faifai mai tera 8, mu ƙara masa ƙwaƙwalwa don ya yi sauri." Alhaji ya ce, "Nawa ne, ɗana?" Ya ƙirgo sefa ya bayar, shi ke nan an rufe magana. Ba mu ce yaron ya yi ƙarya ba. Abin da muke cewa shi ne an fara ginin daga jinka. Manomi ya san ba a ƙara wa rumbu tsawo sai an duba duwatsun da yake zaune a kai, don gudun gara da danshi. A ganinmu, kuɗin da aka ware don gyaran wannan na'ura ya kamata ya fara tafiya wajen kare abin da ke ciki, girma da sauri su biyo baya.

Dalilinmu a bayyane yake. Kasuwar Kongo da ke nan New Bell ta yi mummunar gobara a 2012, ta sake yi a 2019. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon da ya zama toka ya san asarar kashi biyu ce. Akwai kayan da suka ƙone, waɗannan sai haƙuri. Akwai kuma kuɗin da ke hannun mutane, wanda wuta ba ta taɓa ba, amma ta cinye shaidarsa. Cinikinmu na kan iyaka a kan amana yake tafiya, kuma amana tana ƙara ƙarfi idan da rubutu a bayanta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Dokar kasuwanci ta OHADA ma, wadda Kamaru da Cadi da Nijar suke ciki, ta wajabta wa ɗan kasuwa ya adana littattafan lissafinsa da takardun shaidarsu har shekara 10. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka abu na farko da ya kamata a saya shi ne abin da zai tsare wuta. Kowa ya san yadda lantarki ke yi mana, a ɗauke ba sallama, a maido da ƙarfi. Faifan da ke cikin rumbun nan yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, abin da yake rubutawa na iya lalacewa. Maganin wannan ita ce na'urar riƙe wuta mai batir, wadda ake kira UPS, masu Faransanci kuma su ce onduleur. A nemi wadda ke da wayar USB da za a haɗa ta da rumbun, ta yadda idan batir ya kusa ƙarewa rumbun zai kashe kansa cikin natsuwa ko babu kowa a gida. Sannan a riƙa gwada batirin, domin zafi na rage masa kwana. Haka kuma Duwala gari ne na ruwan sama da danshi, don haka kada a ajiye rumbu a ƙasa inda ambaliya za ta iske shi, kada kuma a kulle shi a kabad ɗin da iska ba ta shiga.

Abu na biyu, kuma shi ne ginshiƙin wannan rubutu, kwafi na biyu a wani wuri dabam. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Mai gyara zai ce rumbun yana da faifai biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan, don haka babu tsoro. Gaskiya ne idan faifai ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe aiki. To amma idan yaron shago ya goge wani abu bisa kuskure, a duka biyun ya goge. Idan ɓarawo ya shigo, akwatin gaba ɗaya zai ɗauka. Gobara da tsawa ma ba sa zaɓen faifai. Ƙa'idar da masana harkar suka daɗe suna bi ita ce a sami kwafi 3 na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance nesa da gida. A wurinmu wannan ba ya buƙatar wata dabara mai tsada. Faifan waje guda ɗaya ya isa, a kwafe bayanai duk ranar Juma'a, a kai shi gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Wanda ke da reshe a Garwa ko Marwa yana iya aika wani faifan can lokaci-lokaci. Kuma ko sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Sai a mataki na uku a zo kan sabon faifai, a nan ma da ido a buɗe. Faifai biyu masu tera 4 da aka haɗa su riƙa kwafin juna, tera 4 suke ba ka, ba 8 ba. Wajen canji, ɗaya ake cirewa a sa sabo, a jira rumbun ya gama kwafe komai a kansa, sannan a taɓa na biyu, kuma sai an canza duka biyun wuri zai ƙaru. Wannan jiran ba ƙarami ba ne. Kwafe tera 4 a gudun megabayit 100 cikin daƙiƙa zai ci kimanin awa 11, kuma a duk tsawon lokacin tsohon faifai shi kaɗai ke ɗauke da dukiyarka yana aiki ba hutu. Idan ya gaza a wannan daren, ko wuta ta yi wasa, komai na iya tafiya. Shi ya sa muka sa UPS da kwafin waje a gaba.

A kula kuma da irin faifan da za a saya, domin arha ba ta ado. A 2020 ta bayyana cewa kamfanin Western Digital yana sayar da wasu faifansa na WD Red masu tsarin rubutu da ake kira SMR ba tare da ya bayyana ba, alhali irin wannan tsari yana jan jiki sosai a lokacin irin wancan dogon kwafi. Bayan ƙorafi ya fito da WD Red Plus masu tsarin CMR, wanda shi ya dace da rumbu. A farkon 2025 kuma aka gano a Jamus da wasu ƙasashe cewa wasu dillalai na sayar da faifan Seagate da suka yi dubban awoyi suna aiki, an goge musu lissafin awoyin an ce sababbi ne. Idan haka ta faru a Turai, ina ga kayan da ya ratso hannu biyar kafin ya iso teburin mai sayarwa a kasuwarmu? A karɓi rasit, a duba lambar faifan a shafin kamfanin, kuma a gwada shi kafin a ɗora masa amana.

Maganar sauri kuwa, ita ce ta ƙarshe. Wayar sadarwa ta gida mai gigabit ɗaya ba ta wuce kimanin megabayit 110 a daƙiƙa, kuma faifai mai juyawa na zamani yana iya cika wannan shi kaɗai. Ke nan wanda ya zuba kuɗi a faifan SSD don kawai ya riƙa kwafe manyan hotuna da bidiyo, da wuya ya ga bambanci. Sau da yawa ma laifin na na'urar intanet ɗin ne, domin masu arha ƙofofinsu megabit 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na wancan. Canza ta ko canza waya ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Ƙarin ƙwaƙwalwa yana da amfani ne ga wanda ya ɗora wa rumbun ayyuka da yawa, kamar kyamarorin tsaro, kuma ba kowane rumbu ke karɓar ƙari ba.

Akwai kuma ƙofar da ake barinta a buɗe. Alhaji yana so ya duba lissafi daga Injamena ko Kano, sai a buɗe masa rumbun ga intanet da kalmar sirrin da ta zo da shi daga kamfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni na 2021 masu na'urar WD My Book Live a ƙasashe da dama sun wayi gari an share musu komai daga nesa, na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 ɓarayin intanet suka kulle rumbunan QNAP masu yawa da wata cuta mai suna DeadBolt, suka ce sai an biya su fansa. Idan rumbunka ya tsufa har kamfaninsa ya daina sabunta shi, to wannan shi ne sahihin dalilin sayen sabo, ya fi dalilin cikar wuri ƙarfi.

Mun san wani zai ce me ya kai mu wannan wahala, alhali ana iya ajiye komai a Google. Muna goyon bayan a sa muhimman takardu a can a matsayin ƙarin kwafi. Amma kada a dogara da shi shi kaɗai. A 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru na kusan wata uku, 'yan kasuwar Bamenda da hanyar Ekok sun san abin da suka gani. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Na gida da na nesa kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Daga ƙarshe, akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Wa ya san kalmar sirrin rumbun? Idan yaron kwamfuta ne kaɗai, ranar da kuka ɓata ko ya yi tafiya, dukiyarka tana hannunsa. Idan kai kaɗai ne, ranar da ta Allah ta kasance magada za su tsaya suna kallon akwati, ba su san wanda kake bi ba, ba su san wanda ke binka ba, bashi ya bi ka kabari. A rubuta ta a takarda, a rufe, a ba amintacce.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su shigar da wannan batu cikin tarukansu, kamar yadda ake maganar masu gadi da na kashe gobara. Su kuma matasanmu masu gyara, su ji tsoron Allah su faɗa wa iyayen gidansu gaskiya, ko da kuwa ribar sayar da babban faifai ta fi ta UPS. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.