Singapore zuwa New York: Sa'o'i 18 a sama, wa zai biya kuɗin hayaƙin?

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Changi a Singapore da na John F. Kennedy a New York ta haura kilomita 15,300, kuma jiragen kamfanin Singapore Airlines kan shafe sa'o'i 18 zuwa 19 a hanya ba tare da yada zango ba, gwargwadon yadda iska ta kaɗa.

Ga 'yan kasuwa wannan sauƙi ne, domin wanda ya bi ta birnin Frankfurt na Jamus yakan kwashe fiye da sa'o'i 20. Sai dai lokacin da aka rage, da mai ake biyansa.

Nauyin mai

Jirgin da ba zai sauka a hanya ba, dole ne ya tashi da dukkan man da zai ƙona, kuma wani kaso na man yana ƙarewa ne wajen ɗaukar nauyin ragowar man.

Jirgin Airbus A350-900ULR, wanda aka ƙera domin irin wannan tafiya, na iya ɗaukar lita 165,000, amma kujeru 161 kacal kamfanin ya sanya a cikinsa, kuma babu ɓangaren masu ƙaramin tikiti.

Kowane kilo ɗaya na man jirgi yana fitar da kimanin kilo 3.16 na iskar kabon. Ke nan idan jirgin ya ƙona tan 100, ya saki tan 316, wato kusan tan biyu a kan kowane fasinja. Hakan ya zarce abin da ɗan Najeriya ɗaya ke fitarwa a shekara guda, wanda a kan matsakaici bai kai tan ɗaya ba.

Farashi ne ke yanke hukunci

Tarihin wannan hanya ya nuna abin da kamfanoni suka fi jin tsoro. A 2004 ne aka fara zirga-zirga kai tsaye zuwa Newark, kusa da New York, da jirgin A340-500 mai injuna huɗu. A 2013, lokacin da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, aka dakatar da ita, ba a kuma dawo ba sai a 2018, bayan samun jirgi mai injuna biyu da ya fi tattalin mai.

Wato tsadar mai ce ta tsayar da jirgin, ba damuwa da ɗumamar yanayi ba.

Sufurin jiragen sama na samar da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta bar batun jiragen ƙasa da ƙasa a hannun hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a 2016 ta amince da shirin CORSIA, da ke buƙatar kamfanoni su biya diyyar ƙarin hayaƙin da suka fitar sama da wani mizani.

Masu suka na ganin shirin bai taɓa tushen matsalar ba, tunda akasarin ƙasashe ba sa karɓar haraji a kan man jiragen ƙasa da ƙasa. Muddin kuɗin hayaƙin bai shiga cikin farashin tikiti ba, waɗanda za su biya su ne al'ummomin da fari da ambaliya ke addaba, waɗanda galibinsu ba su taɓa hawa jirgi ba.