Tun SS1 ake kayar da mu a neman makarantar jinya

1/ Da an buɗe fom ɗin makarantar jinya sai WhatsApp ya cika da "a taya mu da addu'a". Sunaye su fito, sai ka ji tsit. Ina da magana kan yadda 'yan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa ke shan kaye a gasar nan. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Gurbin kaɗan ne, kuma makaranta ba ta ɗiba yadda ta ga dama. Hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita ke ƙayyade wa kowacce adadinta. Ƙananan hukumomi 44, kowa idonsa na kan 'yan makarantun nan: ta cikin birni, Madobi, Dambatta, ta asibitin Malam, sai digirin BUK.

3/ Sharaɗin kiredit biyar ne: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri, bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. A takarda adalci ne. To amma yarinyar da ta gama sakandare a ƙauye, malami ɗaya na riƙe da darasi uku, ba ta taɓa haɗa sinadari da hannunta ba sai ranar WAEC, ita za a zaunar gaban kwamfuta da wadda ta yi shekara uku ana biya mata lesin a Nasarawa GRA?

4/ Ƙanwar abokina sau uku tana sayen fom. Kanta na ja wallahi, fizis ne kawai ya tsaya mata a wuya.

5/ Ko ka samu ma ba ka tsira ba. Akwai PTS, watannin farko da ake tankaɗe, kuma mai raunin tushe shi ke fara tattara kayansa.

6/ Na san za ku ce "ai sai da hanya". Ban musa ba, kowa ya san zancen takardar wane. Amma ko yau aka toshe hanyar, yawancin namu ba za su haye ba. Abin da ba ma son ji ke nan.

7/ An taɓa gwada magani fa. Shirin W4H da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, har da Kano, ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara yana ba su shekarar share fage su gyara kimiyyarsu, da sharaɗin su dawo su yi wa garinsu aiki. Wadda ta tashi a Yako ko Kafin Maiyaki ta fi 'yar birni yiwuwar zama a asibitin can, ba ta neman canji bayan wata shida.

8/ Ciyamomin yankinmu huɗu, irin wannan ajin muke nema, ba rabon kuɗin fom a ɗauki hoto ba. Mu kuma 'yan jami'a da ke karanta kimiyya, hutun nan akwai azuzuwa a kulle a Kiru. Ni zan ɗauki kemistiri na SS2. Wa zai ɗauki fizis?