Google Lens ba zai faɗi shekarun askar wanzamin Batsari ba

Duk wanda ya ɗauki hoton tsohuwar aska ya tura wa Google Lens, nan take zai samu amsa. Sai dai manhajar ba shekaru take aunawa ba. Kamanni take dubawa, ta jero hotunan da masu talla suka ɗora a eBay. In mai tallar ya yi kuskure ko ƙarya, haka za ta maimaita.

Askar da aka ƙera a Turai tana ɗauke da shaidarta a gindin ƙarfen, kusa da inda yake naɗewa cikin ƙota. Irin waɗannan asake kuwa sun daɗe da shigowa ƙasar Hausa. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, ya lissafa asaken Styria ta ƙasar Ostiriya cikin kayan Turai da ya tarar a kasuwar Kano.

Karanta rubutun ba wuya. Askar Sheffield mai kambin sarauta da haruffan VR ta zamanin Sarauniya Victoria ce, 1837 zuwa 1901. Wadda ke ɗauke da "Sheffield, England" galibi daga 1891 zuwa sama take, saboda dokar Amurka ta 1890 da ta tilasta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. Amma rashin kalmar England ba hujjar tsufa ba ce, domin dokar ba ta shafi kayan da aka nufo Afirka da su ba. "W. Germany" na nufin tsakanin 1949 da 1990. "Stainless" kuma ba zai girmi 1913 ba, shekarar da Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield. Ƙota ba abar dogaro ba ce, ana sake ta. Mai goge tsatsa da sanfefa kuma ya sani rubutun yake gogewa.

Duk wannan bai taɓa askar maƙera ba, wadda da yawa daga wanzaman Batsari da Ruma da Safana da Runka suka gada cikin zabira tare da ƙaho. Ba ta da hatimi, ba ta da lamba, kuma an yi ta wasa ta har siffarta ta canza. Babu rumbun hotunanta da wata manhaja za ta koya daga ciki. Shekarunta suna bakin tsohon wanzami: wane maƙeri ya ƙera, wa ya fara aski da ita, kafin canjin hannu na 1972 ko bayan canjin kuɗi na 1973.

Wannan ilimin ne ke cikin haɗari. Kilifa da reza sun ƙwace aikin aska, kuma da dalili, ganin yadda cututtuka irin ciwon hanta ke yaɗuwa ta ƙarfe ɗaya. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tarwatsa ƙauyuka da dama, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar zabira. Abin da ya tsira, 'yan gwangwan na saye a kan sikeli.

Saboda haka matashin da ke da waya a yankin ya fi amfani a matsayin mai tattara bayani. Ya ɗauki hoton askar gaba da baya, da rula a gefenta, ya naɗi muryar mai ita da izininsa. Kada ya tura ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya cire bayanan ranar ɗauka. Ya tura a matsayin fayil. Kafin ya ɗauki hoton da zai ɗora a Wikimedia Commons kuma, ya kashe alamar GPS ta kyamara. A halin da Batsari da Safana ke ciki, nuna ƙofar gidan dattijo a taswira ba ƙaramin ganganci ba ne.