Kyau Ba Hujja Ba Ne

Shin duk ra'ayin da ya ƙayatar da hankali gaskiya ne? A ganinmu, a'a. Kusan shekara dubu biyu masana taurari suna riƙe da cewa duniyoyi suna tafiya ne bisa cikakkiyar da'ira, don babu siffar da ta kai ta kyau. Da Johannes Kepler, Bajamushe, ya gwada wannan ra'ayi da awon da Tycho Brahe ya tara kan duniyar Mars, sai ya tarar da saɓanin da bai kai kashi ɗaya bisa bakwai na digiri ba. Bai kau da kai ba. A 1609 ya bayyana cewa hanyar Mars da'ira ce matsattsiya.

Saboda haka, ɗalibai, kyau yana iya haska hanyar bincike, amma awo shi ne alƙali. Ra'ayin da awo ya ƙaryata, kyansa kyan ɗan maciji ne.