Noma, cutar da ke cin fuskar yaran talakawa, da binciken da ya tsaya a ƙofar asibiti

Cutar da likitoci ke kira noma a dasashi take farawa. Dasashin yaro ya yi ja, ya kumbura, yana zubar da jini in an taɓa shi, bakinsa ya ɗauki wari mai ƙarfi, miyau na dalala, ya ƙi cin abinci. Bayan 'yan kwanaki kunci ko leɓe ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya bayyana a tsakiyar kumburin. Wannan tabon nama ne da ya riga ya mutu. Idan ya zube sai ya bar rami a fuska, wani lokaci har ana hango haƙora da ƙashin muƙamuƙi, wani lokacin ma cutar ta haura ta cinye hanci ko gefen ido. Duk wannan kan faru cikin mako ɗaya zuwa biyu. Yaran da ta fi kamawa 'yan shekara 2 zuwa 6 ne, wato daga lokacin yaye zuwa sa'ad da haƙoran girma ke shirin fitowa, kuma kusan kullum yara ne masu fama da tamowa, waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko gudawa suka riga suka raunana musu garkuwar jiki. Ba ta yaɗuwa daga wani yaro zuwa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa tafiyarta gida-gida, daga kumburin dasashi mai sauƙi, zuwa dasashi mai ruɓewa, zuwa kumburin fuska, zuwa mutuwar nama, zuwa tabo, sannan nakasar da ke biyo baya har ƙarshen rayuwa.

Sunan da kansa matsala ne a ƙasar Hausa. Kalmar daga harshen Girka ta samo asali, daga ma'anar abin da ke ci yana yaɗuwa, amma duk Bahaushen da ya ji an ce noma, gona da fartanya ne ke faɗo masa a rai. Iyaye a ƙauye ba su amfani da wannan suna. Wasu na cewa ciwon daji ne, wasu na danganta shi da iska, kuma sunan da aka ba ciwo shi ke nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya ɗauka iska ce wajen mai magani zai nufa, a yi hayaƙi, a shafa gari, kwana biyar su wuce. A wannan cuta kwana biyar sun isa kunci ya ɓule.

Duk lokacin da aka tashi maganar noma, a taro ko a jarida, adadi ɗaya ake kawowa: yara dubu 140 ne ke kamuwa kowace shekara a duniya, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ba su samu magani ba suna mutuwa. Wannan ƙiyasi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 1998. Yaran da aka haifa a waccan shekarar yau iyaye ne masu nasu 'ya'yan, amma har yanzu da wannan tsohon lissafi ake neman kuɗi, da shi ake tsara aiki, da shi ake rubuta jawabi. Abin yana da ɓacin rai matuƙa. Cutar da take kashe tara cikin goma in ba a yi magani ba, a ce an shafe fiye da shekara ashirin da biyar ba a sake ƙirga ta da kyau ba, wannan ya nuna irin matsayin da yaran da take kashewa suke da shi a idon masu rabon kuɗin bincike. Turai ma ta san wannan cuta, ta addabi 'ya'yan matalautanta har cikin ƙarni na 19, ta ɓace da abinci da tsafta suka inganta, ta sake ɓullowa a sansanonin 'yan Nazi irin su Auschwitz a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Inda duk aka tara yunwa da ƙazanta da cunkoso, tana dawowa.

A kan musabbabinta an yi aiki mai daraja, kuma mafi yawansa a Najeriya da Nijar aka yi shi. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya da ya yi aiki a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya shafe shekaru da dama yana nazarin alaƙar tamowa da cututtukan baki a tsakanin yaran Najeriya. A ƙarshen shekarun 1990 shi da abokan aikinsa sun samu wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium necrophorum a raunukan wasu yaran. Ƙwaya ce da aka fi sani a jikin dabbobi, inda take ruɓar da kofato. Daga nan aka yi hasashen cewa zaman yara kusa da tumaki da awaki, da shan ruwan da kashin dabbobi ya gurɓata, na iya zama hanyar shigarta. Hasashe ne mai ma'ana ga duk wanda ya san tsakar gidan ƙauye, inda turken akuya da wurin wasan yara ba su da nisa da juna.

Sai dai babban binciken da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba. Wata tawagar masana daga Geneva ta ƙasar Suwizalan ta gudanar da shi a yankin Damagaram ta Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, aka wallafa sakamakonsa a 2013. Sun ɗauki yara 82 masu cutar a lokacin da take kan ganiyarta, suka kwatanta su da yara 327 sa'o'insu daga ƙauyuka ɗaya waɗanda ba su da ita. Ba su samu wata ƙwaya guda da za a nuna da yatsa a ce ita ce mai laifi ba. Abin da suka gani shi ne rikicewar ma'aunin ƙwayoyin da ke zaune a baki tun asali: wasu sun ragu, wasu kuma, musamman dangin Prevotella, sun yi yawa. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne tsumburewa da rama mai tsanani, da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watannin da suka gabata, da kuma kasancewar uwar yaron ta yi ciki da yawa kafin shi. Wannan sakamako yana da nauyi, domin ya rage fatan samun allurar rigakafi guda da za ta kawar da cutar, ya maido da maganar kan tukunyar gida da lafiyar uwa.

A Sakkwato akwai asibitin yara masu noma da aka kafa a 1999, wanda ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A 2017 an yi wani binciken kwatanci a kan yaran da aka kwantar a can. Abubuwa biyu daga cikin sakamakonsa sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, yaran da kullum koko ne abincinsu sun fi yawa a cikin masu cutar. Wannan ba ya nufin koko na jawo noma, koko abinci ne mai kyau. Abin da yake nunawa shi ne yaron da aka yaye aka bar shi da ruwan gasara safe da yamma, babu gyaɗa, babu wake, babu madara ko ƙwai, cikinsa na cika amma jikinsa ba ya samun abin gina kansa. Na biyu, yaran da aka ba dakashi a kwanakin farko na haihuwa sun fi tsira daga kamuwa da cutar. Har gobe a gidaje da yawa ana matse wannan nono na farko a zubar, wai ƙazanta ne, a ɗura wa jariri ruwa ko wani jiƙo, alhali a cikinsa ne garkuwar farko ta jariri take. Ungozomomi da kakanni ne ke riƙe da wannan al'ada, kuma su ne ba a cika gayyata taron wayar da kai ba. Haka batun cire belu yake. Jariri ɗan kwana bakwai a buɗe masa baki a yanke naman da Allah ya halitta a wurinsa, da ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi ɗazu, sannan a yi mamakin zubar jini ko ciwon sandarewar jiki da ke biyo baya. Babu wanda ya ce belu ne ke kawo noma. Amma wanzamin da ke leƙa bakin kowane jariri a gari, shi ne mutumin da ya fi kowa cancantar a koya masa yadda dasashi mai ruɓewa yake, ya ajiye aska ya ce wa uwa ta nufi asibiti yau.

A 2018 an yi wani aiki na daban, aka bi gida-gida a jihohin Sakkwato da Kebbi aka duba bakin yara sama da dubu bakwai. Kusan uku cikin kowane ɗari na da kumburin dasashi, 'yan ƙalilan na da dasashi mai ruɓewa ko kumburin fuska, amma ba a ci karo da ko yaro ɗaya mai ramin fuska ko tabonsa ba. Mai karatu da gaggawa zai ce ashe cutar ba ta da yawa. Wanda ya yi tunani zai ga wata fassarar: cuta ce mai saurin kisa, wadda mai ƙirga zai iya zuwa gari mako biyu bayan an binne yaron, wanda ya rayu kuma sau da yawa ɓoye shi ake yi a ƙuryar ɗaki saboda kunya da tsangwama. A nan ne babban giɓin binciken yake. Kusan duk abin da aka rubuta a kan noma daga bakin waɗanda suka rayu har suka kai asibiti aka samo shi, wato daga ɗaya cikin goma. Sauran taran babu sunansu a kowane littafin rajista.

Maganin matakin farko kuwa ba shi da tsada ko kaɗan. Amoxicillin da metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, da kurkure baki da ruwan gishiri ko maganin wanke baki, da abinci mai gina jiki, da maido da ruwan jiki, su ne ke tsayar da cutar in an fara da wuri. Magunguna ne da ake samu a kowane kemis na gari. Amma yawan da za a ba yaro mai tsananin tamowa, da tsawon kwanakin da zai sha, da wanne haɗi ya fi wani, duk sun fi dogara ga gogewar likitoci fiye da gwaji na kwatanci irin wanda ake yi wa magungunan wasu cututtuka. Ba a kuma san dalilin da ya sa a cikin yara ɗari masu kumburin dasashi da tamowa, 'yan kaɗan ne cutar ke cinye wa fuska ba. Wannan tambaya ita ce gindin komai, kuma amsarta na buƙatar a bi yara a ƙauyukansu na tsawon watanni, ana duba bakinsu, ana auna nauyinsu. Aiki ne mai gajiyarwa, babu hoto mai ɗaukar ido a cikinsa.

Hoto mai ɗaukar ido yana ɗakin tiyata. Babu mai raina wannan aiki: yaron da tabo ya ɗaure masa muƙamuƙi har ba ya iya buɗe baki, ana tura masa abinci ta ramin kunci, idan aka sake masa muƙamuƙin, aka ɗebo fata daga goshi ko ƙirji aka rufe ramin, an maido masa da rayuwa. Amma tiyatar sai an jira tabon ya nuna, sau da yawa sai an yi ta fiye da sau ɗaya, tana buƙatar ƙwararru da kayan sa barci na musamman, kuma muƙamuƙin kan sake maƙalewa idan ba a ci gaba da motsa shi ba bayan an koma gida. Yawancin rahotannin tiyata a kan sakamakon makonnin farko suke tsayawa. Yadda yaron ke ci da magana bayan shekara biyar, ko ya shiga makaranta, ko yarinyar ta samu miji, ba kasafai ake komawa a bincika ba. Kuɗin tiyatar mutum ɗaya zai iya horar da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka masu yawa su riƙa buɗe bakin kowane yaro da aka kawo awo.

Laifin ba na baƙi ba ne kaɗai. Arewacin Najeriya cike yake da asibitocin koyarwa masu sassan kunne da hanci da maƙogwaro, da sassan haƙori da tiyatar fuska. Abin kunya ne a ce mafi yawan abin da ake fitarwa shi ne a buɗe tsofaffin fayiloli a ƙirga marasa lafiya nawa aka gani cikin shekara goma, a buga don samun ƙarin girma, a rufe. Gaskiya ne kuɗin bincike ya yi ƙaranci kuma rashin tsaro ya rufe hanyar ƙauyuka da dama a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Amma waɗannan ƙauyukan da sansanonin 'yan gudun hijirarsu su ne inda tamowa ta fi tsanani, inda yara suka fi rasa allurar ƙyanda ta wata tara, wato inda noma ta fi samun wurin zama.

A watan Janairun 2023 Najeriya ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya buƙata a madadin ƙasashe 32, kuma ranar 15 ga Disambar wannan shekarar aka shigar da noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Shiga wannan jeri na buɗe ƙofar kuɗin bincike da tsarin kai rahoto. Ayyukan da ke jira a bayyane suke: sabon ƙiyasi da zai maye gurbin na 1998, wanda zai haɗa da tambayar iyaye game da yaran da suka rasu da kumburin fuska, saka duba baki cikin aikin cibiyoyin kula da tamowa da na rigakafi, gwajin magunguna a kan yara masu rama, da bibiyar waɗanda aka yi wa tiyata a Sakkwato da waɗanda cibiyar ƙungiyar Sentinelles ta Damagaram ta kula da su, har zuwa shekarun girmansu.